URu2Si2 da Tsarin da Ya Ƙi Bayyana a Kelbin 17.5

URu2Si2 haɗi ne na yuraniyom da rutiniyom da silikon. Idan aka sanyaya kiristal ɗinsa ya kai kelbin 17.5, wato kusan digiri 256 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyos, sai ilektiron ɗin da ke cikinsa su shiga wani sabon hali. Wannan kam ba a gardama a kansa. Ma'aunin ɗaukar zafi yana yin tsalle a daidai wannan wuri, turjiyar lantarki tana karkacewa, kiristal ɗin ma yana ɗan sauya yadda yake miƙewa da tsukewa. Abin da ya gagara tun tsakiyar shekarun 1980 shi ne a faɗi mene ne ya jeru a ciki, kuma wane daidaito ne ya karye, wato wane juyi ko gusawa ne da a dā ba ya sauya kamannin kiristal ɗin, yanzu kuma yana sauyawa. A shekarar 2000 Shah da Chandra da Coleman da Mydosh suka sa wa takardarsu taken ɓoyayyen tsari, sunan kuma ya bi shi har yau. An gabatar da ra'o'i da dama don warware shi, sun haura talatin. Ba za a bi su ɗaya bayan ɗaya a nan ba. Abin da ya fi amfani shi ne a ga wane gwaji ne ya kayar da wane ra'i, da abin da ya rage a tsaye bayan an gama tankaɗe da rairaya.

Abin da aka auna

Sinadarin yana cikin dangin da ake kira famiyon masu nauyi. A irin waɗannan ƙarafa, ilektiron na ɓawon f, ɗaya daga ɓawon ilektiron da ke kewaye da ƙwayar zarra (a yuraniyom ana kiransa 5f), waɗanda a ɗumi suke zaune kusa da ƙwayar zarrarsu kamar ƙananan maganaɗisai, sukan cuɗanya da ilektiron masu yawo idan sanyi ya yi yawa. Sakamakon cuɗanyar shi ne masu ɗaukar lantarki su riƙa motsi tamkar nauyinsu ya ninka na ilektiron sau goma-goma, wani lokaci sau ɗaruruwa. Tushen wannan bayani shi ne aikin Jun Kondo na 1964, sannan a 1977 Doniach ya zana taswirar da ke nuna ja-in-ja tsakanin wannan cuɗanya da ƙoƙarin ƙananan maganaɗisan na jeruwa. Ana gane nauyin ne daga kason da ilektiron ke da shi a ɗaukar zafi. A tagulla adadin kusan 0.7 ne a ma'aunin milijul kan kowane mol kan kelbin sau kelbin. A CeAl3, wanda aka fara gano wannan hali a cikinsa a 1975, ya haura 1,600. A URu2Si2 kusan 180 ne kafin sauyin, ya sauko kusan 60 bayansa. Ke nan nauyinsa matsakaici ne a cikin danginsa.

Ƙungiyoyi uku ne suka ba da rahotonsa kusan lokaci guda: Palstra da abokan aikinsa a Leiden ta ƙasar Holan a 1985, sai Schlabitz da nasa a Jamus, da Maple da nasa a San Diego ta Amurka a 1986. Abin da ya ja hankalinsu da farko shi ne sinadarin yana zama supakondakta, wato yana gudanar da lantarki ba turjiya, a wajen kelbin 1.5. Sauyin kelbin 17.5 an ɗauke shi abu mai sauƙi. Wasu suka ce maganaɗisu ne irin na antifero, inda kibiyar maganaɗisun wannan ƙwaya ke kallon sama, ta maƙwabciyarta na kallon ƙasa. Mutanen San Diego suka lura cewa turjiyar lantarkin tana yin ɗan ƙusumbi irin na ƙarfen kuromiyom, suka ce wata igiya ce ta caji ko ta sifin, wato ɗan maganaɗisun da kowane ilektiron ke ɗauke da shi, ta buɗe giɓi a wani sashe na farfajiyar Fermi, iyakar da ta raba matakan kuzarin da ilektiron suka cika da waɗanda ba kowa a cikinsu.

Muhimmin adadi a nan shi ne entiropi, wato ma'aunin yawan hanyoyin da ilektiron za su iya kasancewa. Wanda ke ɓacewa a wannan sauyi ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da za a samu da kowace ƙwayar yuraniyom tana da zaɓi biyu, sama ko ƙasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ma'aunin Hall, wanda ke ƙidaya masu ɗaukar lantarki, kuma ya nuna cewa kusan tara cikin goma na masu ɗaukar lantarki sun ɓace, waɗanda suka rage suna tafiya mai nisa ba su yi karo ba. Ruwa ba ya tsami banza: duk abin da ya ci entiropi mai yawa haka, dole babban tsari ne.

Kibiyar da ta ɓatar da mutane

A 1987 Broholm da abokan aikinsa suka harba nutiron cikin kiristal ɗin, suka kuwa ga alamar antifero. Kibiyoyin suna tsaye ne a kan layin c, wato tsayin kiristal ɗin, falle ɗaya na yuraniyom yana kallon sama, na bisansa yana kallon ƙasa. Matsalar ita ce girmansu: kusan 0.03 na magneton ɗin Bohr, wato ma'aunin maganaɗisun ilektiron guda, a kan kowace ƙwaya. A lissafin da aka saba, entiropin da jeruwar maganaɗisu ke ci yana tafiya ne da girman kibiyar idan an ninka shi da kansa. Ninka 0.03 da 0.03 ka samu 0.0009. Abin da aka auna kuwa kusan 0.2 ne. Tazarar ta kai ninki ɗari biyu, kuma babu gyaran lissafin da zai cike ta.

Shekara fiye da goma masana ra'i suna gina bayani a kan wannan 'yar kibiya. Wasu suka ce inuwa ce ta wani babban tsari da ba a gani, wanda ke jan ta a baya. Wasu suka nemi dalilin da zai sa maganaɗisu ya ƙanƙance haka ba tare da entiropinsa ya ƙanƙance ba. An yi aiki mai kyau ƙwarai a kan tambayar da ashe ba ta da tushe.

Matsi ne ya tona asirin. A 1999 Amitsuka da abokan aikinsa a Japan suka maimaita gwajin nutiron a ƙarƙashin matsi, suka ga alamar maganaɗisun tana ƙaruwa har kibiyar ta kai wajen 0.4. A 2001 Matsuda da nasa suka auna da NMR, dabarar sauraren cibiyar ƙwayar zarra da igiyar rediyo, a kan silikon-29, abin da suka gani kuma ya sauya labarin baki ɗaya. NMR yana jin filin maganaɗisun da ke kewaye da kowace ƙwaya ɗaya-ɗaya, ba matsakaicin kiristal duka ba. Ya nuna iri biyu na wurare a cikin samfuri guda: inda babu maganaɗisu sam, da inda akwai shi cikakke. Da aka ƙara matsi, girman kibiyar bai sauya sosai ba, faɗin yankin da ke da ita ne ya ƙaru. Shi kuwa nutiron ba ya rarrabe tsakanin ƙaramar kibiya a ko'ina da babbar kibiya a ɗan wuri, domin ƙarfin alamarsa faɗin yanki ne a ninka da murabba'in kibiya. Raba 0.03 da 0.4, ka ninka amsar da kanta, za ka samu kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ɗan wannan yanki, wanda tankwarewar cikin kiristal ta matse shi har ya zama antifero, ya isa ya ba da duk alamar da aka gani a 1987. A 2010 Niklowitz da abokan aikinsa suka auna bambancin tazarar ƙwayoyin zarra daga wuri zuwa wuri a cikin kiristal, suka nuna cewa ya isa ya haifar da waɗannan tsibirai. Yawancin masu binciken yanzu suna ɗaukar ƙaramar kibiyar a matsayin baƙuwa, ba ɗiyar gida ba.

Tagwayen da ba sa zama ɗaki ɗaya

Wannan gano ya rushe tsohuwar tambaya, ya kafa wadda ta fi ta kyau. Yanzu an san akwai hali biyu maƙwabtan juna. A ƙaramin matsi akwai ɓoyayyen tsari. Daga wajen gigafaskal 0.5 zuwa 0.8, gwargwadon yadda aka yi matsin, sai sinadarin ya faɗa antifero mai babbar kibiya. Ketarawa daga wannan zuwa wancan tsalle ne, ba gangara ba, kuma iyakar da ke tsakaninsu tana tafiya har ta haɗu da layin da ya raba su duka biyun da halin ɗumi. A ka'idar Landau ta sauyin hali wannan yana da ma'ana takamaimiya: halayen biyu ba daidaito iri ɗaya suka karya ba. Da iri ɗaya ne, da an iya zagayawa daga ɗaya zuwa ɗaya ba tare da ketare iyaka ba. Halin supakondakta ma ya zaɓi ɓangare, yana rayuwa a cikin ɓoyayyen tsari, yana mutuwa da an shiga antifero.

To amma ta kowace fuska kuma, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Tsallen ɗaukar zafi da ƙusumbin turjiya kusan iri ɗaya ne a duka biyun. A 2010 Hassinger da abokan aikinta a Grenoble ta Faransa suka bi kaɗawar turjiya a cikin filin maganaɗisu, wadda ke auna girman aljihunan farfajiyar Fermi, daga wannan hali zuwa wancan, suka ga kusan ba abin da ya motsa. Tunda antifero yana ninka ɗakin kiristal, wato ƙaramin tubalin da ke ta maimaituwa a cikinsa, ne ta hanyar bambanta falle da falle, ɓoyayyen tsarin ma dole haka yake yi. Ke nan an san zangon maimaituwarsa ko da ba a san abin da ke maimaituwa ba: wani abu yana juyawa daga fallen yuraniyom zuwa na bisansa.

Akwai ƙarin shaida daga nutiron masu barin wani kaso na kuzarinsu a cikin kiristal. A ɓoyayyen tsari ana ganin wata girgiza ta maganaɗisu mai kuzarin ƙasa da milielektironbolt 2 a daidai zangon antifero, tana kaɗawa a kan layin c. Da an shiga antifero sai ta ɓace, tamkar ta daskare ta zama kibiyar da ake gani. Akwai girgiza ta biyu mai wajen milielektironbolt 4 a wani zango da bai yi daidai da saƙar kiristal ba, wadda ke nan a halayen biyu. Wiebe da abokan aikinsa sun nuna a 2007 cewa giɓin da ke buɗewa a wannan girgiza ta biyu ya isa ya bayyana mafi yawan entiropin da ya ɓace.

A ganina wannan tagwaitaka ita ce alƙalin duk wani ra'i. Bai isa a kawo tsarin da nutiron ba ya gani ba, irin waɗannan suna da yawa. Dole ra'in ya faɗi dalilin da zai sa ɗan matsi kaɗan, ko sauya kaɗan daga rutiniyom da baƙin ƙarfe kamar yadda ƙungiyar Maple ta yi a 2011, ya mai da shi antifero na yau da kullum ba tare da farfajiyar Fermi ta ji a jikinta ba.

Masu cewa a zaune suke, da masu cewa yawo suke

Ra'o'in sun rabu ne tun daga tambayar farko: ilektiron ɗin 5f na yuraniyom a zaune suke ko yawo suke?

Masu cewa a zaune suke suna ɗaukar kowace ƙwaya tana riƙe da ilektiron 5f guda biyu. Gajimaren da waɗannan biyun suka yi yana da siffa, siffar kuma tana iya jeruwa ko da babu kibiyar maganaɗisu. Kibiya ita ce mafi sauƙin siffa, mai kai biyu. Sama da ita akwai mai kai huɗu, mai kai takwas, mai kai 16, mai kai 32. Duk sa'ad da kawuna suka ƙaru, filin da siffar ke fitarwa waje yana raguwa, ganinta yana ƙara wuya. Santini da Amoretti sun ba da shawarar mai kai huɗu a 1994. Kiss da Fazekas suka kawo mai kai takwas a 2005. Haule da Kotliar suka kai ga mai kai 16 a 2009.

Akwai dalilin da ya sa aka ɗauki wannan hanya da muhimmanci, shi ne labarin NpO2, haɗin neftuniyom da oksijin. Tun 1953 aka san yana da sauyi a wajen kelbin 25 ba tare da wata kibiya da za a gani ba. Sai a 2002 hasken eksire da aka daidaita kuzarinsa da na ƙwayar neftuniyom ya nuna cewa siffofi masu kai huɗu sun jeru, aka kuma fahimci cewa wata siffar maganaɗisu mai kawuna fiye da haka ce ke jan su. Rabin ƙarni aka yi kafin a warware shi. Da aka gwada wannan dabara a kan URu2Si2, a ayyukan Amitsuka a 2010 da Walker a 2011, ba a ga jerin mai kai huɗu ba. Wannan ya raunana ra'in Santini da Amoretti, ya kuma ɗaure hannun duk ra'in da tsarinsa zai janyo mai kai huɗu a matsayin ɗan rakiya. Harima da Miyake da Flouquet sun nuna a 2010 cewa akwai hanyoyin rage daidaiton wannan kiristal da ba sa bukatar ko ƙwayar zarra ɗaya ta gusa daga mazauninta. Shi ya sa rashin ganin sauyi a saƙar kiristal bai zama hujjar cewa babu tsari ba.

Masu cewa yawo suke kuwa suna da hujjoji masu nauyi. Idan ilektiron a zaune suke, ya kamata nutiron ya ga matakan kuzarin da filin kiristal ke rarraba su a kai, a fili, kamar yadda ake gani a sinadaran da ilektiron ɗinsu ke zaune da gaske. Ba a gan su ba. Adadin 5f da ake aunawa a kan kowace ƙwaya yana faɗawa ne tsakanin 2 da 3. Lissafin da ya ɗauki 5f a matsayin masu yawo kuma yana fitar da farfajiyar Fermi da ta yi kusa da wadda aka auna. A kan wannan Elgazzar da Oppeneer da abokan aikinsu suka tsaya a 2009. Sun nuna cewa sassa biyu na farfajiyar suna dacewa da juna idan aka gusar da ɗaya da zangon antifero, don haka giɓi zai buɗe a wurin cikin sauƙi. Suka ce a ɓoyayyen tsari kibiyar ba ta tsaya ba, tana ta kaɗawa sama da ƙasa, kaɗawar ce ke buɗe giɓin. Ra'in yana bayyana tagwaitakar ba wahala. Inda yake da rauni shi ne sauyin kelbin 17.5 sauyi ne mai kaifi, irin wanda ka'ida ke cewa sai wani daidaito ya karye dindindin, kuma kaɗawar da matsakaicinta sifili ne ba ta faɗi wanne ne ya karye ba.

A wannan ɓangare ne Chandra da Coleman da Mydosh da Tripathi suka kawo ra'in ƙananan zagayen lantarki tsakanin ƙwayoyin zarra a 2002. Ya yi hasashen wata alama a gwajin nutiron, aka nema ba a samu ba, aka wuce. Varma da Zhu sun kawo nasu a 2006, Dubi da Balatsky suka kawo igiyar cuɗanya a 2011 bayan na'urar STM, mai lalube fuskar kiristal ƙwaya-ƙwaya, ta ƙungiyoyin Davis da Yazdani ta nuna a 2010 yadda matakan kuzarin ilektiron ke tsagewa a daidai sauyin.

Akwai kuma wani abu da ke damun duk mai cewa yawo suke. Sinadarin yana jin filin maganaɗisu ne kawai idan an ɗora shi a kan layin c. Filin tesla 35 a wannan layi yana rushe ɓoyayyen tsari, daga nan zuwa wajen tesla 39 a shiga wasu halaye dabam, inda Knafo da abokan aikinsa suka ga igiyar sifin a 2016. A kwance kuwa fili kusan ba ya taɓa shi. Binciken Altarawneh da Harrison da abokan aikinsu a Los Alamos ya nuna cewa su kansu ilektiron masu nauyi da ke yawo suna da wannan hali, amsarsu ga fili a tsaye ta ninka ta kwance fiye da sau 30. Ilektiron mai yawo bai saba zaɓen alƙibla haka ba. Wannan halin na mai zama ne.

Kusurwa huɗu ko biyu

A 2011 Okazaki da abokan aikinsa a Kyoto suka ba da rahoton da ya tayar da ƙura. Kiristal ɗin, idan aka dube shi daga sama, murabba'i ne, juya shi da digiri 90 ba ya sauya komai. Suka auna yadda filin maganaɗisu ke murɗa ƙananan kiristal, suka ga cewa ƙasa da kelbin 17.5 sai an juya da digiri 180 kafin a dawo daidai. Ma'ana daidaiton kusurwa huɗu ya koma na biyu. A manyan kiristal ba a ga haka ba, suka ce yankuna masu kallon alƙibla dabam-dabam ne ke soke juna. A 2014 Tonegawa da abokan aikinsa suka ƙara da cewa eksire ya nuna murabba'in ya ɗan karkace, da abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma ba, a kiristal mafi tsabta.

Manyan ra'o'i biyu suka ginu a kan wannan. Ikeda da abokan aikinsa a 2012 suka fara daga lissafin ilektiron masu yawo, suka tarar cewa bayan kibiyar antifero, tsarin da ya fi kusa da kafuwa shi ne siffa mai kai 32 da ke zaɓar alƙibla a kwance. Chandra da Coleman da Flint kuma a 2013 suka kawo tsarin hastatik, wanda shi ne mafi ƙarfin hali a cikin duka. Sun ce yuraniyom yana da matakai biyu masu kuzari ɗaya da sifin cikakke, ilektiron masu yawo kuwa sifin ɗinsu rabi ne, don haka cuɗanyar da ke haɗa su dole ita kanta ta ɗauki rabin sifin. Wannan cuɗanya ce ke jeruwa. Idan ta kalli layin c a samu antifero, idan ta kwanta a samu ɓoyayyen tsari. Da jifa ɗaya sun bayyana tagwaitaka da zaɓen alƙibla.

Abin yabo ga ra'o'in biyu shi ne sun faɗi abin da zai kayar da su. Dukansu suna bukatar wata 'yar kibiya a kwance, hastatik ya ƙiyasta ta a wajen 0.01 na magneton ɗin Bohr. Ƙungiyoyin Das da Metoki a 2013 da Ross a 2014 suka nema da nutiron, ba su samu ba, aka sauko da iyakar zuwa wajen 0.001. Wani hasashen hastatik kuwa, game da yadda amsar sinadarin ga fili mai ƙarfi ke sauyawa da kusurwa, ya tabbata a aikin Trinh da Ramirez da abokansu a 2016, sai dai wannan shaida ce ta zaɓen alƙibla, wanda wasu ra'o'in ma ke ɗauke da shi. Karkacewar murabba'in ma wasu ƙungiyoyi sun nema ba su gani ba. Sannan a 2020 Ghosh da Ramshaw da abokan aikinsu a jami'ar Cornell suka saurari yadda kiristal ɗin ke amsa sauti. Ka'ida ta ce tsarin da ke zaɓar alƙibla a kwance yana da sassa biyu, kuma irinsa dole ya sa taurin kiristal ga murɗiya ya yi tsalle a wurin sauyi. Sun ga tsalle a taurin matsewa, ba su ga komai a na murɗiya ba. Wannan shaida ce daga jikin kiristal duka, ba ta dogara da girman yankuna ba, kuma a wurina ta fi ta 2011 nauyi.

Hannun dama da hannun hagu

Mu koma ga Haule da Kotliar. Lissafinsu bai zaɓi ɓangare ba, ya bar ilektiron 5f su zama masu zama da masu yawo a lokaci guda, gwargwadon kuzarin da aka dube su da shi. Ya fitar da matakai biyu mafi ƙasa, kowanne tilo, kusa da juna. Babu ɗayansu da ke da kibiya shi kaɗai. Amma idan suka gauraya, gaurayar tana da fuska biyu. Ta ɗaya tana ba da kibiya a kan layin c. Ta biyu tana ba da siffar caji mai kai 16, wadda ba ta da maganaɗisu ko kaɗan. Abu ɗaya ne, kusurwar gaurayar ce kawai ta bambanta. Idan haka ne, tagwaitakar ba abin mamaki ba ce, kuma girgizar da nutiron ke gani a zangon antifero ita ce lilon tsarin daga wannan fuska zuwa waccan. Zaɓen layin c ma ya fito da kansa, domin ɓangaren maganaɗisu na tsaye ne kaɗai ke haɗa waɗannan matakai biyu.

Shaidu biyu sun zo daga baya. Buhot da abokan aikinsa a Faransa a 2014, da Kung da Blumberg da nasu a jami'ar Rutgers a 2015, suka haska leza suka duba hasken da ya dawo, dabarar da ake kira watsuwar Raman. Sun ga wata girgiza mai kaifi a wajen milielektironbolt 1.6 zuwa 1.7 da ke bayyana a ɓoyayyen tsari, a rukunin daidaito guda ɗaya tak, wanda ake kira A2g. Kuzarinta ya yi daidai da na girgizar nutiron. Haske yana ganin girgizar da ke tafiya iri ɗaya a kowane ɗakin kiristal ne kawai, don haka ganinta da leza ƙarin shaida ne cewa ɗakin kiristal ya ninku. Kung da abokan aikinsa suka fassara ta da cewa gajimaren caji na kowace ƙwaya ya ɗan murɗe a kan layin c, ya daina yin daidai da hotonsa a madubin tsaye. Falle ɗaya ya murɗe dama, na bisansa hagu, kamar hannuwa biyu. Murabba'in yana nan da kusurwarsa huɗu, babu kibiya, babu ƙwayar da ta gusa. A 2016 kuma Sundermann da Severing da Tjeng da abokan aikinsu suka auna siffar gajimaren 5f da eksire mai ƙarfi, suka ga ta dace da waɗannan matakai biyu na tilo, ba ta dace da matakai biyu masu kuzari ɗaya da hastatik ke bukata ba.

Idan aka jera sharuɗɗan, wato ninkuwar ɗaki, rashin kibiya a tsaye da a kwance, rashin mai kai huɗu, tsari mai sashe ɗaya, da kusanci da antifero, wannan ra'i ne ya fi tsallake su da yawa. Nan na karkata. Sai dai har yanzu bashi biyu na kansa. Bai gama bayyana dalilin da ya sa lissafin masu yawo ke samun farfajiyar Fermi daidai ba, alhali shi ya fara ne daga matakan mai zama da nutiron bai taɓa gani a fili ba. Kuma duk shaidunsa na gefe ne: an ga girgizar tsarin, an ga kayan da aka gina shi da su, ba a ga jerin kansa ba. Bitar da Mydosh da Oppeneer da Riseborough suka yi a 2020 ta bar tambayar a buɗe.

Dalilin rashin ganin na fasaha ne. Eksiren da aka daidaita da yuraniyom, a hanyar da ya fi ƙarfi, ba ya jin siffar da ta wuce kai huɗu. Amma ka'idar daidaito ta bar wata ƙofa, irin wadda Kusunose da Harima suka yi nuni da ita a 2011. Idan da gaske siffa mai kai 16 ce ta jeru tana juyawa falle bayan falle, to matse kiristal ɗin ta gefe ɗaya a kwance, ko ɗora masa fili a kwance, zai tilasta mata haifar da mai kai huɗu da ke juyawa a zango ɗaya da ita. Matsi a kan gefen murabba'i zai fitar da mai kai huɗu da ke kallon kusurwoyi, matsi a kan kusurwa zai fitar da mai kallon gefuna. Wannan eksire yana iya gani, kuma alamar za ta tashi ne a ƙasa da kelbin 17.5 kawai, tana ƙaruwa da ƙarfin matsin. Wahalar aikin ita ce matsi a kwance yana tura sinadarin zuwa antifero, don haka sai an raba alamar caji da ta tsibiran maganaɗisun da matsin zai ƙara haifarwa, ta hanyar duba yadda kowace ke juya alƙiblar hasken da ya dawo.